Ciwon hanta nau'in E a jikin namun daji

Ciwon hanta nau'in E cuta ce da wata ƙwayar bairos ke kawowa, tana kumbura hanta, idanu su yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi, irin abin da a gida za a ce wane shawara ta kama shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 20 ne ke kamuwa duk shekara, wajen miliyan 3.3 daga ciki su ne ciwon ke bayyana a jikinsu, kuma a 2015 ya kashe kusan mutum 44,000. Yawancin waɗannan ta gurɓataccen ruwan sha suka ɗauka. Amma akwai wata hanyar da ba a cika maganarta ba, wato ta naman dabba, musamman na daji, kuma abin tsoron shi ne dabbar da ke ɗauke da ƙwayar lafiyarta ƙalau take yawo, ba rama ba tari, maharbi zai feɗe ta ya ga hanta jawur mai kyau alhali cike take da cutar.

Asalin gano ƙwayar ma abin mamaki ne. Wani likitan Tarayyar Sobiyat, Mikhail Balayan, shi ya haɗiye abin da aka tace daga bayan gidan sojojin ƙasarsa da suka kwanta ciwo a Afganistan, ya kamu, sannan ya ga ƙwayar a nasa bayan gidan, aka wallafa binciken a 1983. Shekara da shekaru ana ɗauka cutar mutane ce kawai ta wuraren da ba ruwa mai tsafta, sai a 1997 aka same ta a jikin aladu a Amurka, daga nan fa magana ta canja.

Yanzu masana sun kasa ta gida takwas. Gida na 1 da na 2 mutane kaɗai suke kamawa, su ne masu ɓarkewa a sansanin 'yan gudun hijira in masai ta haɗu da rijiya, irin abin da ya faru a Diffa da Ngala ta jihar Borno a 2017, haka ma sun ɓarke a garin Am Timan na Chadi a 2016. Gida na 3 da na 4 su ne na dabbobi masu tsallakowa kan mutum, ana samunsu a alade na gida da aladen daji da barewa, zomo ma yana da nasa reshen na gida na 3. Na 5 da na 6 a aladun dajin Japan aka gano su. Na 7 na raƙumi ne mai tozo ɗaya irin namu, na 8 kuwa na mai tozo biyu ne a ƙasar Sin.

Hujjar da ta rufe bakin masu shakka daga Japan ta zo a 2003. Wasu mutane huɗu sun ci ɗanyen naman barewa, bayan makonni duk suka kwanta da ciwon hanta, sai aka yi sa'a ragowar naman na nan a firiza, da aka gwada shi sai ga ƙwayar da ke cikinsa iri ɗaya sak da wadda ke jinin majinyatan. Wannan ya nuna abu biyu, naman ne ya kawo ciwon, sannan ƙanƙara ba ta kashe ƙwayar. A shekarar dai aka ba da rahoton wasu maza biyu da suka ci ɗanyar hantar aladen daji, ɗaya bai tashi ba. A tsibirin Kosika na Faransa kuma akwai wani tsiran alade da ake yi da hanta ana cinsa ba dafawa, figatellu sunansa, shi ma an kama shi da laifin yaɗa ciwon, kuma Japan ta hana gidajen abinci sayar da ɗanyen naman alade da hantarsa a 2015.

Aladen daji shi ne babban rumbun ƙwayar a cikin namun dajin Turai, yana zubar da ita a kashinsa, ta shiga ƙasa da kududdufin da sauran dabbobi ke sha, haka barewa ke ɗauka. Mutum kuma ba sai ya ci naman ba, wanda ya zira hannu cikin tumbi yana fitar da kayan ciki da ɗan yanka a yatsa, ko ya goge baki da bayan hannu jini na jiki, shi ma yana cikin haɗari. Wani bincike a kan maharban Jamus ya nuna masu sa safar hannu lokacin fiɗa sun fi tsira daga kamuwa, abu mai araha haka.

To mai karatu zai ce mu ai ba ma cin alade, ina ruwanmu. Raƙumi fa? A 2016 aka wallafa labarin wani mutumin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da aka yi wa dashen hanta, yana yawan cin naman raƙumi da shan nononsa, aka same shi da gida na 7 ya zaunar masa a jiki. Duk wanda ya san mahautar Agadas ko ta Kano ya san raƙumi ba baƙon nama ba ne a wajenmu, a Sudan kuwa har ɗanyar hantarsa ake ci da barkono da lemon tsami. Sannan ga ɓera. Shi nasa dangin ƙwayar daban ne, an fara ganinsa a ɓerayen birnin Hambug a 2010 ana cewa ba ya kama mutum, sai a 2018 aka same shi a jikin wani mai shekara 56 a Hon Kon, shi ma dashen hanta aka yi masa, bayan nan an ƙara samun wasu har a Sifaniya.

Daga kamuwa zuwa bayyanar alamu akan ɗauki mako 2 zuwa 10, shi ya sa da wuya majinyaci ya tuna naman da ya ci. Zazzaɓi, tashin zuciya, kasala, rashin son abinci, ciwo a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, sannan shawara. Mafi yawan masu ƙoshin lafiya sukan warke da kansu cikin makonni, wasu ma ba su san sun yi ba. Waɗanda nake ji wa tsoro su ne masu tsohon ciwon hanta, kuma a ƙasarmu masu ɗauke da nau'in B suna da yawan gaske, in E ya hau kan B hantar na iya gazawa gaba ɗaya. Sai masu raunin garkuwar jiki, kamar wanda aka yi wa dashen ƙoda, su a jikinsu ciwon kan zauna ya ƙi tafiya har hanta ta ƙandare, likitoci kan rage musu maganin danne garkuwa ko su ba su wani maganin bairos mai suna ribavirin. Wani lokacin ma jijiyoyi yake taɓawa, hannu ko ƙafa su mutu. Mace mai ciki kuwa, a irin na ruwan sha, in ta kamu a watanni ukun ƙarshe ɗaya cikin huɗu ko biyar na iya rasa ranta, kuma a Diffa masu ciki ne suka fi mutuwa.

Wuta ce ke kashe ƙwayar, amma sai ta ratsa. Gwajin da aka yi a Faransa ya nuna sai tsakiyar naman ya kai maki 71 na zafi a ma'aunin Celsius har minti 20, ke nan hantar da aka ɗan babbaka a kan garwashi waje ya ƙone ciki na ɗigar jini ba ta tsira ba, shanyawa da kyafewa ma ba abin dogaro ba ne. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanye a wanke su da sabulu kafin su taɓa dafaffe, nonon raƙumi a tafasa shi.

Akwai allurar rigakafi mai suna Hecolin da Sin ta ba wa lasisi a 2011, an fara amfani da ita wajen tare annoba a sansanin Bentiu na Sudan ta Kudu a 2022, amma har yanzu ba ta cikin alluran da ake yi a asibitocin yawancin ƙasashe. Birtaniya kuma tun 2017 duk jinin da aka ba da gudummawa sai an gwada shi, don an tabbatar ƙwayar na bin ƙarin jini.