Waiwaye: Yadda Sakamakon Jarrabawa Ya Zama Alƙalin Makarantun Zamfara

A watan Mayun 2022, ana gab da fara jarrabawar kammala sakandare, shugaban ofishin WAEC na Najeriya a lokacin, Patrick Areghan, ya shaida wa 'yan jarida cewa jihohin Zamfara da Sakkwato ba su gabatar da ɗaliban makarantun gwamnati ba. Ke nan duk wani kaso da za a ce Zamfara ta ci a waccan shekara, na 'ya'yan makarantun kuɗi ne. Yaron makarantar jeka-ka-dawo ta gwamnati a Bukkuyum ko Zurmi ba ya cikin lissafin, ko a masu ci ko a masu faɗuwa. Duk da haka ba a daina yawo da jerin jihohi a Facebook da WhatsApp ba, wannan ta zo ta ɗaya, waccan ta zo ta kashin baya, kuma da irin wannan jeri ake yabon shugaban makaranta ko a yi masa canjin wurin aiki. Yaushe aka fara auna makaranta da makin ɗalibanta, kuma me ya kawo mu nan?

Dabarar ta girmi Najeriya. A 1862 gwamnatin Ingila ta kawo tsarin biyan makarantun firamare gwargwadon sakamako: jami'i ya zo sau ɗaya a shekara, ya gwada yara a karatu da rubutu da lissafi, duk yaron da ya faɗi a rage kuɗin tallafi. Robert Lowe, wanda ya tsaya wa tsarin, ya ce in ilimin bai yi araha ba zai yi inganci, in bai yi inganci ba zai yi araha. Abin da ya biyo baya shi ne malamai suka koma sa yara haddar abin da za a tambaye su. Kafin ƙarshen wancan ƙarni Ingila ta yi watsi da tsarin, amma ta riga ta turo shi Legas ta dokar ilimi ta 1882, inda tallafin makarantun mishan ya rataya a kan abin da yara suka ci. Lugard ne ya rage wa jarrabawa ƙarfi a dokarsa ta 1916. A ma'aunin ba da tallafi, ya ba jarrabawa da ci gaban ɗalibai kashi 40 cikin ɗari, tarbiyya da da'a da tsarin makaranta kashi 30, ƙwarewar malamai kashi 20, gine-gine da kayan aiki da tsafta kashi 10. Ba yabon mulkin mallaka nake yi ba, amma abin lura ne cewa shekara ɗari da wani abu da suka wuce an yarda cewa maki kaɗai bai isa ya bayyana makaranta ba.

A Lardin Sakkwato, wanda Gusau da Anka da Ƙauran Namoda da Talatar Mafara suke ciki, makarantun boko na En'e ne, kuma ba su da yawa. Yaro ya gama elementare, a gwada shi, in ya yi zarra a tura shi Midil ta Sakkwato, daga can 'yan ƙalilan su wuce Kwalejin Katsina, wadda daga baya ta koma Kaduna sannan Zariya. Aikin jarrabawa a lokacin shi ne raba gurabe kaɗan ga yara. Ita kuwa makarantar, mai duba makarantu ne yake zuwa da ƙafarsa ya buɗe rajista, ya duba shirin darasin malami, ya zauna a aji ya saurara.

Akwai kuma wani ma'auni da ya girmi wannan duka a ƙasar nan, wato na makarantar allo. Uba ba ya bukatar takarda kafin ya san ko ɗansa yana karatu. Zai zaunar da shi bayan magariba ya ce biya mini allonka, in akwai gyara ya ji da kunnensa. Ana sanin malami da almajiran da suka sauke a hannunsa. Da boko ta zo da Turanci, uban da bai iya harshen ba ya rasa wannan iko, sai ya dogara da lambar da wani ya rubuta a takarda. A ganina wannan yana cikin dalilan da suka sa lamba ta yi ƙarfi a wurinmu fiye da kima: ita kaɗai ce abin da iyaye da yawa suke iya karantawa game da makarantar 'ya'yansu.

An kafa WAEC a 1952 bisa rahoton Dokta G. B. Jeffery na Jami'ar Landan, don ta karɓi aikin da hukumomin jarrabawa na Ingila suke yi wa Najeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya. Takardar shaida take ba mutum ɗaya, ya nemi aiki ko ƙarin karatu. Ba a gina ta don kwatanta makarantar Maru da ta Ikoyi ba.

Abubuwa sun sauya cikin shekara biyu ko uku, daga 1976 zuwa 1978. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, yara suka cika azuzuwa, aka horar da malamai cikin gaggawa, masu duba makarantu kuma suka yi kaɗan ƙwarai. A 1977 tambayoyin WAEC suka fita kafin lokaci har aka kafa kwamitin bincike na Mai Shari'a Sogbetun, kuma kalmar ekspo, wato satar amsa, ta zauna a bakin ɗalibai. A 1978 aka kafa JAMB. Gwamnatin soja ta 1984 ta yanka wa magudin jarrabawa ɗaurin shekara 21, abin bai tsaya ba. Tsarin 6-3-3-4 ya yi ƙoƙarin rage wa jarrabawar rana ɗaya nauyi ta hanyar gwajin cikin aji, wanda yanzu yake ɗaukar kashi 30 na makin WAEC. Sai dai makarantar da za a yi wa hukunci da sakamakon ita ce take rubuta waɗannan maki da hannunta, ba kuwa sai an faɗa wa mai karatu yadda hakan yake ƙarewa ba.

A cikin wannan yanayi ne jumla guda ta mamaye komai: kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Asalinta sharaɗin shiga jami'a ne, amma ta zama adadin da WAEC take shelantawa duk shekara, jaridu su sa a kanun labari, kwamishinoni su kare kansu da shi. Dubi abin da wannan layi yake ɓoyewa. Yarinyar da ta ci A1 a Hausa da Larabci da Kimiyyar Halittu da Lissafi amma ta samu D7 a Turanci, a lissafin nan ta faɗi. Malamin da ya karɓi yaro a aji ɗaya na sakandare bai iya haɗa baƙi ba, ya yi ta fama har yaron ya tashi daga F9 zuwa D7, aikinsa bai bayyana ko'ina ba. Makarantar da ta zaɓi yaran da suka riga suka iya karatu tun daga gida kuwa, ko ba ta ƙara musu wani abin kirki ba, ita ce za a kira gwarzuwa.

An ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoban 1996, NECO kuma ta zo a 1999 ta yi jarrabawarta ta farko a 2000. Da mulkin farar hula ya dawo, gwamnoni da dama a Arewa suka ɗauki nauyin biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa. Niyya ce mai kyau, domin manomin da ke da 'ya'ya uku a ajin ƙarshe ba zai iya ba. Amma daga nan yawan masu zana jarrabawa ya koma hannun baitulmali. Wasu jihohi, irin su Kano, suka sa jarrabawar share fage, wanda ya ci shi ake biya wa, abin da kai tsaye yake ɗaga kason masu nasara ba tare da an gyara aji ko ɗaya ba. A Zamfara kuwa bashi ne ya taru, hukumomin suka riƙe sakamakon ɗalibai na shekaru, yara suka gama makaranta suka zauna a gida ba takarda. Gwamna Dauda Lawal, wanda ya hau mulki a 2023, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Nuwamban shekarar, gwamnatinsa kuma ta sanar da biyan bashin WAEC da NECO na biliyoyin naira. Duk wanda zai jera sakamakon Zamfara shekara bayan shekara ya ce ilimi ya hau ko ya sauka, sai ya fara faɗin waɗanne yara ne suka shiga ɗakin jarrabawar a kowace shekara.

Lambar da ta fi kowace jawo mana gori ita ce ta 2013. A jerin mafi ƙarancin makin shiga makarantun sakandare na tarayya, an sa wa Anambra 139, aka sa wa Zamfara 4 ga maza, 2 ga mata, Kebbi kuma 9 da 20. Har kotu lauya Olisa Agbakoba ya je a kan wannan bambanci, kuma har yau in gardama ta tashi a intanet sai wani ya jawo jerin. Amma wannan maki ba matsakaicin abin da yaran jiha suke ci ba ne. Gurabe ake ware wa kowace jiha, a bi masu nema daga sama zuwa ƙasa har guraben su cika. Inda masu nema suka yi dubbai, layin zai tsaya a sama. Inda ba su kai yawan guraben ba, layin zai faɗo har ƙasa. A 2018, a alƙaluman farko da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar na rajistar jarrabawar shiga waɗannan makarantu, yara 28 ne kacal daga Zamfara, 50 daga Kebbi, alhali akwai kwalejin tarayya a Anka da ta 'yan mata a Gusau. Wannan bayani ba wanke mu yake yi ba. Jihar da ke da miliyoyin mutane ta fitar da yara 28, abin kunyar ya fi na maki 2 girma. Sai dai ciwon daban ne, maganinsa ma daban.

Sai 2021. A watan Fabrairu aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a Yuni aka afka wa kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a Kebbi, a farkon Satumba aka kwashe ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. Gwamnatin Zamfara ta rufe makarantu, sai a farkon 2022 aka fara buɗe wasu. Takardar tambayoyin da aka ba yaron da ya rasa zangon karatu sukutum ita ce aka ba wanda bai rasa kwana ɗaya ba, kuma babu wani gurbi a jerin jihohi da ake rubuta wannan.

Shi kansa ma'aunin ba a tsaye yake ba. A 2014 kashi 31.28 na ɗaliban ƙasar nan ne suka samu kiredit biyar ɗin, a 2021 aka ce kashi 81.7, a 2024 kashi 72.12. A watan Agustan 2025 WAEC ta shelanta kashi 38.32, bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an yi kuskure wajen duba wasu takardu, adadin gaskiya 62.96 ne. A shekarar ce kuma JAMB ta amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas. Babu mai hankalin da zai ce makarantun Najeriya sun ninka inganci fiye da sau biyu cikin shekara bakwai. A kasuwar Gusau, in mudu yana ƙaruwa yana raguwa haka, ba wanda zai yarda a auna masa gero da shi.

Waɗanda muka koya daga wurinsu ma sun sha wannan. Amurka ta kafa doka a 2002 da ta ɗaura makomar makarantu a kan maki, aka ƙare da badaƙalar Atlanta inda malamai suka riƙa goge amsoshin yara suna gyarawa, kotu ta kama 11 da laifi a 2015. Ingila kuma tun 2016 ta koma duba nisan da yaro ya yi daga inda ya shigo sakandare zuwa inda ya fita.

Mu kuwa sai ƙara wa lambar iko muke yi. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar koyar da yaran firamare da harshen uwa, yana kafa hujja da yawan faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB a wasu shiyyoyi. An amince da manufar ne a ƙarshen 2022. Yaron da ya shiga aji ɗaya a lokacin bai ma gama firamare ba, balle ya zana WAEC. Ta yaya sakamakon yayyensa zai zama shaida a kan tsarin da bai taɓa su ba?

Akwai wani irin awo da aka gwada a nan gida wanda bai samu shiga kanun labarai ba. A ƙarƙashin shirin RANA na koyar da karatu da lissafi da Hausa, wanda UNICEF ta tallafa wa a Zamfara da Katsina, ana zaunar da yaro ɗan ajin farko-farko na firamare, a ba shi gajeren rubutu, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya, a tambaye shi abin da ya fahimta. Ba ekspo a ciki, ba kuɗin rajista, kuma yana kama matsalar shekara goma kafin WAEC ta gan ta. Uban yaro ma zai iya tsayawa ya saurara. Illarsa ita ce yawanci da kuɗin masu ba da tallafi ake yin sa, in shiri ya ƙare awon ya tsaya.

Mataki na gaba shi ne kwamfuta. WAEC ta fara gwada ta da masu zana jarrabawa daga waje a 2024, gwamnatin tarayya kuma ta umarci WAEC da NECO su koma kanta gaba ɗaya daga 2026, duk da Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta. Hujjar ita ce toshe satar amsa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma a jihar da aka taɓa katse layukan waya na makonni a 2021, inda sakandare da yawa a karkara ba su da wutar lantarki, za a sake samun ɗaliban da hanya da kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa za su tsayar tun kafin su ga tambaya ta farko.