Abin da Ke Sa Shanun Huɗa Durƙushewa a Farkon Damina

Duk shekara idan ruwan shuka ya sauka a watan Mayu ko Yuni, koke ɗaya nake ji daga manoman da ke huɗa da shanu: an ɗaura wa bijimai karkiya da sassafe, amma kafin hantsi ya ɗaga ɗaya ya fara haki yana dalalar da miyau, daga bisani ya durƙushe a tsakiyar kunya. Wasu sukan ce taurin kai ne, su kai masa bulala, abin da ke ɓata mini rai matuƙa, domin a mafi yawan lokutan da na duba irin wannan sa na tarar tsokarsa ce ta rasa abin da za ta ƙona.

Tsokar nan da mahauci ke yankawa tarin siraran zaruruwa ce, kuma a cikin kowane zare akwai furotin iri biyu, aktin da mayosin, jere da juna. Idan ƙwaƙwalwa ta aiko da saƙo ta jijiya, sai sinadarin kalsiyam ya kwararo cikin zaren, mayosin ya kama aktin ya ja, ya saki, ya sake kamawa a gaba, kamar yadda mai jan guga ke sauya hannu a kan igiya. Kowane ja da saki yana cin wani sinadari da ake kira ATP, wanda shi ne ainihin makamashin tsoka. Hatta sakin ma sai da shi, shi ya sa naman dabba ke sandarewa sa'o'i kaɗan bayan yanka, lokacin da ATP ya ƙare, zaruruwan suka maƙale da juna.

ATP ɗin da tsoka ke ajiyewa ba ya wuce na 'yan daƙiƙoƙi, saboda haka dole ta riƙa ƙera sabo tana cikin aiki. Idan aikin na gaggawa ne, kamar fisgar amalanke daga cikin taɓo, takan fasa sukarin da ta ajiye ba tare da jiran iskar oksijin ba, hanyar da ke da sauri amma take kawo gajiya nan da nan. Huɗa kuwa aiki ne na sa'o'i, kuma ba ya yiwuwa sai jini yana kai wa tsoka abinci da oksijin babu yankewa.

A nan ne sa ya bambanta da mutum. Ciyawa da karan da yake ci ƙananan halittun da ke cikin tumbinsa ne ke narkar da su, su mayar da su wasu sinadarai masu tsami da ke shiga jini, kuma daga waɗannan yake samun kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfinsa; ko sukarin da ke jininsa ma hanta ce ke haɗa mafi yawansa daga ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai. Busasshen karan dawa na ƙarshen rani ba shi da furotin da zai ishi waɗannan halittu, don haka narkewa takan yi rauni, sa ya koma cin kitsen jikinsa, idan kitsen ya ƙare ya shiga cin tsokar kanta. Bijimin da haƙarƙarinsa ya fito, tozonsa ya zube a watan Afrilu, ya riga ya cinye wani ɓangare na tsokar da zai ja garma da ita. Shawarata ita ce a fara ƙara masa harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa, da angurya, da gishiri ko kanwa, wata ɗaya zuwa biyu kafin damina, a kuma riƙa sa shi ɗan aikin amalanke don jikinsa ya saba. Kada a jira ranar huɗa a zuba masa dawa ko masara mai yawa lokaci guda, domin hakan kan tsamar da tumbi, ya kawo zawo da kumburin ciki, wani lokaci har mutuwa.

Abinci ba ya amfani idan jini ya yi ƙaranci. Sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa, da tsutsar hanta, da cututtukan da kaska ke kawowa, duk suna rage jinin da ke ɗaukar oksijin. A buɗe fatar idon sa ta ƙasa a duba: idan ta yi fari maimakon ja-ja, a nemi malamin dabbobi kafin a ɗaura masa karkiya.

Sai batun zafi, wanda aka fi yi wa sakaci. Daga makamashin da tsoka ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke zama ja, sauran zafi ne da dole jiki ya fitar, alhali gumin sa bai kai na doki yawa ba, sai ya haɗa da haki. Saboda haka a fara aiki bayan sallar asuba, a tsaya kafin rana ta take, kada a wuce sa'o'i huɗu zuwa biyar a yini, a ba shi ruwa da inuwa da lokacin yin tuƙa. Jan da zai iya jurewa na tsawon sa'o'i bai wuce kwatankwacin kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ba, wato kusan kilo 30 ga bijimi mai kilo 300, don haka idan ƙasa ta yi tauri a rage zurfin garma. Idan kuwa ya buɗe baki ya zaro harshe, ko cinyoyinsa suka fara rawa, a kwance karkiyar nan take, a kai shi ƙarƙashin bishiya, a yayyafa masa ruwa a wuya da baya, kada a mayar da shi gona a ranar.