Hoton inabi a jikin kwalba ba hujja ba ne

A Gombe, in Sallah ko biki ya zo, mutane da yawa kan sayi doguwar kwalba mai hoton inabi, a zatonsu ruwan 'ya'yan itace ne zalla. Ba kowace ba. Idan ruwan inabi ya tsimu, yis kan mayar da sukarinsa barasa.

Juya kwalbar, ka nemi lambar da ke kusa da "% vol", ita ce ke nuna kashi nawa cikin dari na abin da ke ciki barasa ne. Giyar inabi kan kai 11 zuwa 14, wiski kuwa wajen 40. Wadda aka cire wa barasa ma tana iya rike 0.5. Mai son kauce wa barasa, ya nemi 0.0.

Kada zaki ya rude ka, akwai giyar da ta fi lemo zaki.