Waiwaye: tun yaushe linka ya fara cinye mana simbol ɗin filogin?

Duk wanda ya taɓa haɗa filogin (ɗan kod ɗin da manhaja ke lodawa tana cikin aiki) a Linux ya san saƙon nan na "undefined symbol", wato an rasa wani simbol (sunan wani aiki ko wani abu a cikin kod), da wani dogon suna a bayansa mai farawa da _Z kamar kaza ta taka tawada. Kwamfaila mai fassara kod bai ce uffan ba, linka mai haɗe gutsattsarin da aka fassara ya wuce lami lafiya, fayil ɗin .so na filogin ɗin ga shi nan a ajiye, amma kana kiran dlopen don loda shi sai ya dawo maka da NULL, wato hannu biyu. Ni dai ranar da ta fara ritsawa da ni na rantse linka ne ya lalace, ashe bawan Allah ƙa'idojin da aka gindaya masa tun kafin a haife ni yake bi.

Loda kod ana cikin aiki ba sabon abu ba ne, tsarin aikin kwamfuta na Multics na yi tun shekarun 1960. Unix ta farko ba ta ɗauki wannan ba, don a kan PDP-11 ta girma, injin da adireshinsa bai wuce 64KB ba, kowane bayit da lissafi ake kashe shi. Daga nan dokar laburaren .a ta samo asali: fayil ɗin buhu ne kawai da aka zuba fayilolin .o da kwamfaila ya fitar a ciki, linka yana bin layin umarni daga hagu zuwa dama, in ya iso buhun sai ya zaro wanda wani ya riga ya nema, sauran ko kallonsu ba ya yi. A wancan zamanin dabara ce mai kyau. Matsalar ita ce har gobe haka yake yi, shi kuwa filogin ba wanda ke kiransa lokacin haɗawa, da suna ake neman sa daga baya ta dlsym, suna kuma a wurin linka rubutu ne kawai ba buƙata ba.

Nan ta ci ni. Ina da wani .a mai fayil shida a ciki, kowanne yana yi wa kansa rajista da zarar an loda shi, na haɗa .so daga ciki sai ya fito ɗan mitsitsi, na buga nm -D don ganin simbol ɗin da yake fitarwa na ga wayam, ko ɗaya a cikin shidan bai shiga ba tunda ba mai ambatar su. Na sa --whole-archive don linka ya kwashe duk abin da ke buhun, murna ta sa na manta ban rufe da --no-whole-archive ba, linka kuwa ya haɗiye duk buhun da ya biyo baya har da na kwamfaila, allon ya cika da "multiple definition". A macOS -force_load ne ke wannan aikin, su kuwa mutanen Microsoft sai a Visual Studio 2015 suka samu /WHOLEARCHIVE.

Mu koma baya. Kamfanin Sun ne ya shigo da laburaren tarayya (wato .so) irin wanda muka sani a SunOS 4.0 a 1988, tsarin fayil na ELF ya zo da Unix System V Release 4, Linux kuma ta koma ELF wajen 1995 bayan ta sha wuya da tsohon tsarin a.out, inda kowane laburare sai an keɓe masa adireshinsa na dindindin kamar rabon rumfa a kasuwa. ELF ya zo da tebur biyu, .symtab na masu gyaran kuskure da .dynsym wanda mai lodawa ke dubawa. Mutane da yawa suna ɗora wa strip, umarnin rage nauyin fayil, laifi a banza, shi .symtab yake sharewa, ba ya taɓa .dynsym, in simbol ba ya can to dama bai taɓa shiga ba.

Wani abin kuma da ELF ya bar mana gado: laburare yana baje duk simbol ɗinsa na fili, amma ita uwar manhajar tana fitar da waɗanda laburarukan da aka haɗa ta da su suka nema ne kaɗai, filogin kuwa baƙo ne da zai zo daga baya, in ya nemi wani aiki a jikin uwar sai ya tarar ƙofa a kulle. Dalilin -rdynamic ke nan, mai sa uwar ta fitar da duk simbol ɗinta. Windows akasin haka take tun asali, DLL, wato .so ɗinsu, ba ya fitar da komai sai ka rubuta __declspec(dllexport) ko ka jera sunaye a fayil ɗin .def, kuma gaskiya a nan na fi ganin hikimarsu.

Baje komai ɗin ya zo ya zama kaya. Manyan manhajojin C++ irin su KDE da OpenOffice suna ɗauke da dubban sunaye masu tsawon tsiya, kafin a warware su mai kwamfuta ya gaji da jira. Kwamfailan GCC 4.0 a 2005 ya kawo -fvisibility=hidden mai ɓoye simbol, kowa ya ruga ya kunna, sai aka fara ɓoye har ƙofar shiga filogin ɗin kanta. Dole ka yi wa wannan aikin guda alamar visibility("default"), in C++ ne ka ƙara extern "C" don kar kwamfaila ya murɗe sunan ya koma _Z ɗin nan. Masu rubuta modul na Python 3 ba su cika jin zafin ba don PyMODINIT_FUNC na ɗauke musu wannan nauyin a kan PyInit.

Sai kuma 2010, Linux ɗin Fedora 13 ta daina barin linka ya aro laburaren da ba ka ambata ba, a 2011 Ubuntu 11.10 ta mai da --as-needed, mai jefar da laburaren da ba a riga an nema ba, abin da ke kunne tun farko. Makefile ɗin da ya shekara goma yana aiki, don kawai an rubuta -lm (laburaren lissafi) kafin fayilolin .o, sai a wayi gari an jefar da laburaren. A manhaja linka zai yi ihu nan take, a .so kuwa shiru zai yi, don an yarje wa laburaren tarayya ya fita da bashin simbol, in kuma da RTLD_LAZY ka loda to bashin ba zai tashi ba sai ranar da aka kira aikin, wataƙila a gaban kwastoma.

Maganin da ake cewa shi ne -z defs, linka ya ƙi sakin .so mai bashi. Amma ka ga ya ci karo da filogin da ke jingine da uwar manhaja, tunda shi bashinsa na ganganci ne. Ni abin da na koma yi, uwar ta miƙa wa filogin teburin ayyukanta lokacin da ta kira ƙofar shigarsa, shi kuma simbol ɗaya tak yake fitarwa, na kunna -z defs, gwaji kuma da RTLD_NOW mai tayar da bashin tun lokacin lodawa, sannan kafin in tura wa kowa sai na buga nm -D na ga sunan da idona, da harafin T a gabansa, alamar aikin na nan ciki.