Waiwaye: Lambobin Yabon da Hafsoshin Ingila Suka Kwasa a Yaƙin Kano da Sakkwato

'Yar azurfa ce zagayayyiya, faɗinta bai kai tafin hannun yaro ba. A fuska ɗaya akwai kan Sarkin Ingila Edward na Bakwai, a ɗaya fuskar kuma mace ce tsaye da zaki a gefenta. Ƙyallen da ake rataye ta da shi rawaya ne, da baƙi a gefe da gefe, da siraran zane kore guda biyu. A kan ƙyallen an maƙala ɗan ƙarfe mai rubutun "N. NIGERIA 1903". Ita ce lambar hidimar yaƙe-yaƙen Afirka da Ingila ta ƙirƙiro a 1902, har gobe kuma ana gwanjon irinta a Landan. Wannan ɗan gajeren rubutu ya ƙunshi cin Kano da cin Sakkwato da faɗuwar Burmi, duka cikin wata shida.

Wanda ya shirya yaƙin shi ne Frederick Lugard, wanda Hausawa suka sani da Gwamna Lugga. Tun kafin ya ga Kogin Kwara ya yi yaƙi a Afganistan da Sudan da ƙasar Bama (Myanmar ta yau), a Bama ɗin ne ya samu lambar yabon soja ta DSO a 1887. Daga nan ya ratsa ta Yuganda da Borgu, a 1897 aka ba shi aikin kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma. Ranar 1 ga Janairu 1900 ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya shelanta mallakar ƙasar da mafi yawanta bai taɓa takawa ba. A 1901 aka ba shi lambar girma ta KCMG, ya zama Sir Frederick.

Hafsoshin da ke ƙarƙashinsa aro su aka yi daga rundunonin Ingila. Zazzaɓi yana kashe Turawa a wannan yanki ƙwarai, amma duk da haka matasan hafsoshi suna rububin zuwa. Albashi ya fi na gida, sannan laftanar da a Ingila zai yi shekaru yana fareti, a nan sai a damƙa masa dakaru ya fita da su shi kaɗai. Idan aka yi arangama, kwamanda zai rubuta rahoto, a buga a jaridar gwamnati ta Landan da sunayen waɗanda suka yi fice, daga nan sai lamba da ƙarin girma su biyo baya. Da yaƙin Afirka ta Kudu ya ƙare a watan Mayu 1902, irin wannan dama ta yi ƙaranci, ƙasar Hausa kuwa tana cikin 'yan wuraren da suka rage. A ganina duk wanda bai riƙe wannan ba, ba zai gane saurin da aka yi ba.

Hujjar fita ta samu a Keffi. A watan Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, wakilin Turawa a garin, ya tsere Kano, Sarki Alu ya karɓe shi. Lugga ya ci gaba da shiri ba tare da ya tsaya jiran cikakken amincewar Ma'aikatar Mulkin Mallaka ba, abin da ya jawo masa ƙorafi a Landan. A ƙarshen Janairu 1903 Kanar Thomas Morland ya tashi daga Zariya da hafsoshi 24, da sojoji baƙar fata sama da 700, da igwa huɗu, da bindiga mai ruwa huɗu. Suka fasa Bebeji a hanya. Ranar 3 ga Fabrairu suka shiga Kano ta Ƙofar Kabuga, lokacin Sarki Alu yana can Sakkwato da yawancin baradensa. Sarkin Shanu, wanda aka bar wa gari, a gidan sarki ya tsaya har aka kashe shi. Turawa sun ƙiyasta Kanawa kimanin 300 ne suka mutu, su kuwa ba su rasa ko mutum ɗaya ba.

Lamba mafi daraja ta fito ne daga Kwatarkwashi, kusa da Gusau. A ƙarshen Fabrairu rundunar Kano tana kan hanyar komawa gida, Alu ya riga ya rabu da ita cikin dare, jagoranci ya koma hannun ɗan'uwansa Waziri Ahmadu. Sai suka yi kaciɓis da wani laftanar mai shekara 27, Wallace Wright. Takardar yabonsa ta ce yana tare da hafsa ɗaya da sojoji 44, ya tare mahaya 1,000 da dakarun ƙasa 2,000 har tsawon awa biyu. Sojojinsa sun yi sahu mai kusurwa huɗu, kowane ɓangare bindigogi na fuskantar waje, barade suna sukuwa da takubba da masu, harsashi yana zubar da su kafin su iso. Waziri Ahmadu a nan ya kwanta dama. A watan Satumba aka sanar an ba Wright lambar Victoria Cross, wadda babu ta sama da ita a sojan Ingila, shi kaɗai ne kuma ya same ta a wannan yaƙi.

Ba na musun cewa Wright ya yi ƙarfin hali, tsayuwa gaban dawaki masu sukuwa ba wasa ba ne. Abin da ke damuna shi ne yadda takardar ta raba mutane. Shi an ambaci sunansa da muƙaminsa da rundunarsa. Mutum 44 da suka riƙe bindigogin, waɗanda da ɗayansu ya karaya da sahun ya fashe, adadi kawai suka zama. Waziri da mutanensa, waɗanda suka riƙa komawa cikin wuta suna ganin 'yan'uwansu na faɗuwa, kalmar "abokan gaba" ta wadatar a kansu. Alƙaluman 1,000 da 2,000 ɗin ma ƙiyasin ɓangare ɗaya ne, ɓangaren da yawan adadin yake ƙara wa daraja.

Sakkwato ba ta ɗauki lokaci ba. Ranar 15 ga Maris, a filin Giginya, rundunar da Birgediya Janar Kemball da Morland suka kawo ta watsa sahun Sarkin Musulmi Attahiru da igwa da bindiga mai ruwa cikin safiya guda. Waziri Buhari ya dawo gari ya yi sulhu, aka naɗa Attahiru na Biyu. Shi kuwa Attahiru na Farko ya ɗauki hanyar gabas da niyyar hijira, talakawa suna barin gonaki suna binsa. Wannan ya tayar wa Turawa hankali fiye da yaƙin kansa. A Burmi, cikin ƙasar Gombe, aka kori Kyaftin Sword ranar 13 ga Mayu, bayan an ji wa da yawa daga sojojinsa rauni. Ranar 27 ga Yuli suka dawo da ƙarfi. An yini ana gwabzawa, kibiya mai dafi ta kashe kwamandansu Manjo Marsh, aka kashe Sarkin Musulmi da mutum sama da 600, har da Magajin Keffi. Ɗan Sarkin Musulmin, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, garin da har yanzu sunansa yake ɗauke da shi.

Waɗanda suka ci yaƙin kuwa tsani suka samu. Morland ya zama babban janar, shi ya jagoranci ɗaya daga manyan rundunonin Ingila a yaƙin Somme a Faransa a 1916, daga baya ya shugabanci sojojin Ingila da suka zauna a Jamus bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kemball ya zama manjo janar, ya yi yaƙi a Iraƙi. Wright ya kai birgediya janar, ya ƙara da lambobin girma na CB da CMG da DSO, ya zauna a majalisar dokokin Ingila yana wakiltar mazaɓar Tavistock daga 1928 zuwa 1931. Lugga ya yi gwamnan Hong Kong, ya dawo ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, aka ɗaga shi zuwa majalisar dattawan Ingila a 1928.

Su sojojin fa, su wane ne? Galibinsu Hausawa ne da Yarabawa da Nufawa, da yawa kuma bayi ne da suka gudo ko mutanen da hare-haren sarakuna suka tarwatsa, don haka ba kowannensu ne yake ganin Kano ko Sakkwato a matsayin gida ba. Ɗaukar Bahaushe soja ya samo asali tun 1863, lokacin da wani hafsan Ingila mai suna Glover ya tara wasu a Legas, kuma irinsu aka kai yaƙin Asante, wasunsu suka zauna a zangunan ƙasar da ta zama Gana. Su ma an ba su 'yar azurfar nan mai rubutun 1903, da sunansu da lambar aikinsu a bakinta. Amma iyakar abin da ɗayansu zai kai shi ne sajan manjo. Ba a fara ba ɗan Najeriya muƙamin hafsa a wannan runduna ba sai a 1948.

Shekara uku bayan cin Kano, ranar 14 ga Fabrairu 1906, mutanen Satiru, ƙauyen da ke kudu da Sakkwato, suka kashe Turawa uku, Hillary da Scott da Laftanar Blackwood, tare da sojoji 25, da fartanya da gatari da kibau. Cikin jagororinsu akwai Ɗan Makafo, wanda ya tsallako daga ɓangaren Faransa bayan wani bore a ƙasar Zabarmawa. Ranar 10 ga Maris Manjo Goodwin ya isa da runduna, tare da mahayan Sakkwato, aka kashe mutum wajen 2,000, aka rushe ƙauyen, aka haramta sake gina shi. Sojojin da suka je an ƙara musu wani ɗan ƙarfe a ƙyallensu mai rubutun "N. NIGERIA 1906". A wannan karon lambar girma ta iso har fadar Sakkwato: an ba Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu CMG saboda tsayawar da ya yi tare da Turawa.