Waiwaye: Rahoton Uwais da gyaran zaɓen da ya tsaya a rabin hanya

Duk sanda aka taso da zancen gyaran zaɓe a majalisun hira na Zariya, daga Tudun Wada har Samaru, maganar na'ura ake fara yi. Alhali bincike mafi zurfi da aka yi kan lamarin a ƙasar nan, ɗan garin nan ne ya jagorance shi, kuma ba a kan na'ura ya fi mai da hankali ba.

Zaɓen 2007 ya yi muni har wanda ya ci, Umaru Musa 'Yar'adua, ya amsa da bakinsa ranar rantsuwa cewa akwai kurakurai. A watan Agusta na shekarar ya kafa kwamitin mutum 22 a ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai, Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, Allah ya jiƙansa. Suka zaga ƙasa suna sauraron jama'a, suka miƙa rahoto a Disamban 2008.

Abin da suka hango shi ne, ba a yin alƙalanci da gaskiya idan ɗan wasa ne ya naɗa alƙalin. Don haka suka ce Majalisar Harkokin Shari'a ta Ƙasa ce za ta tallata kujerar shugaban hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta tace masu nema. Suka ce a kafa hukuma ta musamman mai gurfanar da masu maguɗi, a kuma gama shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa, don kada mutum ya riƙa kare kujera da kuɗin gwamnati. Gwamnati ta ƙi ta farkon tun a 2009. Ta biyun kuwa, har aka yi zaɓen 2023 ba ta samu ba.

Abin da ya samu shiga shi ne kayan aiki. Farfesa Attahiru Jega, wanda shi ma yana cikin kwamitin, ya karɓi INEC a 2010, ya sabunta rajista da hoton yatsa, sannan a 2015 ya kawo katin dindindin da na'urar tantancewa. Aringizon ƙuri'u ya ragu, wannan ba a musu. Daga baya BVAS, na'urar da ke tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska, ta zo, dokar zaɓe ta 2022 ta ba ta gindin zama. Sai ga shi ranar zaɓen shugaban ƙasa na 2023 sakamakon rumfuna ya ƙi hawa intanet a kan lokaci, aka koma zargin juna.

Mu a nan ma mun ɗanɗana. A zaɓen ƙananan hukumomin Kaduna na 2018, masu zaɓe a Zariya da Sabon Gari sun latsa allo maimakon dangwala yatsa a takarda, karo na farko a Najeriya. Aka maimaita a 2021. Da zaɓen 2024 ya zo, aka ajiye na'urorin aka koma takarda da akwati.