Mita ta ɗauke ta dawo da kanta: kar ka bari a ɓalle hatiminta

Kwanakin nan wata magana na yawo tsakanin 'yan uwa a Agege da Idi-Araba: wai in ka ga fuskar mitar kati ta ɗauke ta sake kunnuwa da kanta, to kamfanin wuta ne yake zaftare maka yunit daga ofis. Maganin da ake bayarwa shi ne a kira mai gyaran wuta ya buɗe ta "ya cire abin". Wannan shawarar ce ta tayar min da hankali, don tana iya jawo wa mutum tarar da ta fi albashinsa na wata.

A cikin mitar akwai 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa irin ta kwamfuta, ita ke lissafin wutar da aka sha. A jikinta kuma akwai wani ɗan agogo da injiniyoyi ke kira karen gadi. Duk wanda ya yi gadin dare a Legas ya san tsarin: lokaci-lokaci kana busa usur don abokin aikinka ya san idonka biyu, in ya ji shiru ya wuce ƙa'ida sai ya zo ya tashe ka. Haka agogon yake. Yana ƙirgawa zuwa sifili, ita kuma manhajar mitar dole ta riƙa maido shi farko kafin ya kai. Idan wuta ta yi tsalle ko tsawa ta rikita ta, manhajar ta maƙale, ba mai maido shi, sai ya kai sifili ya sake tada ƙwaƙwalwar daga farko, shi ne kake ganin fuskar mitar ta ɗauke ta dawo. Ana yi masa nasa bugun daban a na'urori da yawa, don kar ya tsaya tare da abin da yake gadi. Yunit ɗinka kuwa yana ajiye ne a ma'adanar da ba ta gogewa ko an ɗauke wuta, shi ya sa kake tarar da shi bayan kwana uku a duhu.

Yanzu ga doka. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta tanadi tara da ɗauri kan satar wuta da taɓa mita. A watan Janairun 2025 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta sabunta umarninta a kan haka: mita mai layi ɗaya, naira 100,000 a karon farko, 150,000 in an sake, mai layi uku, 200,000 sannan 300,000. Ban da kuɗin sake jona wuta, ban da biyan abin da aka ƙiyasta an sha ba a biya ba. Umarnin ya shafi gida da shago da masana'anta, sai dai lissafin tarar manyan masu shan wuta daban ne.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne suna ɗauka sai wanda ya yi satar waya ta bayan mita ne mai laifi. Umarnin ya haɗa da taɓa mita ba da izini ba. Ɓalle hatimi da buɗe murfi sun isa, ko da niyyarka gyara ce. Mitar ma tana kai ƙarar kanta: akwai maɓalli a ƙarƙashin murfin, da an ɗaga sai ta rubuta abin da ya faru ta yanke wuta, kuma sai kamfani ya ba da lambobi 20 na musamman za ta dawo. Mai gyaran ya karɓi kuɗinsa ya tafi, mai sunan mitar ne za a nema.

Ban ga laifin hukunta ɓarawon wuta ba, mu masu biya muke ɗaukar nauyinsa. Amma a jihar da mafi ƙarancin albashi yake naira 85,000, tarar 100,000 a kan ɗan haya da tsoro ya sa ya kira mai gyara ta yi nauyi, balle a gidan da ɗaki goma ke kan mita ɗaya.

In mitarka na yawan ɗaukewa tana dawowa, wannan alama ce ta matsala a layi ko a ita kanta. Ka ɗauki hoton yunit da wayarka safe da yamma, ka kai ƙorafi a rubuce ofishin kamfanin da ke ba ka wuta, ka riƙe shaidar karɓa. In ba a saurare ka ba, Legas ta yi tata dokar wuta a 2024, kuma hukumarta LASERC ce ke sa ido a kan kamfanonin jihar.